Fitilar Filadalfiya da Tagogin Azuzuwanmu

A shekarar 1941 annobar ƙyanda, wadda wasu ke kira baƙon dauro, ta auka wa birnin Filadalfiya na ƙasar Amurka da garuruwan da ke kewaye da shi. A lokacin babu allurar rigakafinta, sai a 1963 aka same ta. Duk malamin makaranta na wancan zamani ya san halinta: ƙananan azuzuwa take kwasa, domin manyan yara galibinsu sun riga sun yi ta sun warke. Amma a wasu ƴan makarantu na unguwar Germantown da garin Swarthmore sai al'amarin ya juye. Cikin yaran da ba su taɓa yin cutar ba, waɗanda ke manyan azuzuwa kashi 53.6 cikin ɗari suka kamu, waɗanda ke ƙananan azuzuwa kuwa kashi 13.3 kaɗai. Gari ɗaya, annoba ɗaya, wani lokaci ma ƴan gida ɗaya. Abin da ya raba su wata fitila ce da aka kafa can sama kusa da rufin ƙananan azuzuwan tun daga 1937, tana fitar da wani haske da ido ba ya gani.

Ƴan'uwana malamai da iyayen yara, na ɗauko wannan tarihi ne domin tun zuwan korona ake ta yawo da hotunan irin wannan fitila a wayoyinmu, ana cewa tana kashe kowace cuta a ɗaki. Har a nan Korgom an tambaye ni ko gaskiya ne, kuma ko za ta yi mana amfani a lakwal. Gaskiya ce tana kashe ƙwayoyin cuta, wannan babu musu. Sai dai tarihinta na shekara tamanin da ɗoriya yana da hawa da gangara, kuma a gangarar ne na fi ganin abin da ya shafe mu, musamman yanzu da ake rushe azuzuwan zana ana gina na suminti.

Asalin maganar rana ce. Iyayenmu mata ba su jira wani Bature ba kafin su san cewa tabarmar da yaro ya yi wa fitsari, da katifar majinyaci, da ƙwaryar nono, rana ake kai su. Abin da Turawa suka ƙara shi ne gano dalilin. A 1801 wani Bajamushe mai suna Johann Ritter ya raba hasken rana zuwa launukan bakan gizo, ya lura cewa bayan launi na ƙarshe, inda ido ke ganin babu komai, akwai wani haske da ke baƙanta sinadarin azurfa fiye da sauran. Shi ake kira altirabayolet, ni kuwa zan riƙa ce masa ɓoyayyen haske don sauƙi. A 1877 wasu mutanen Ingila biyu, Arthur Downes da Thomas Blunt, suka zuba romon da ƙwayoyin cuta ke so cikin kwalabe, suka bar wasu a rana, suka lulluɓe wasu. Waɗanda aka lulluɓe suka gurɓace, na rana suka zauna garau. A 1903 likitan ƙasar Danmak Niels Finsen ya karɓi kyautar Nobel saboda warkar da tarin fuka na fata da haske, kuma zuwa 1910 birnin Marsai na Faransa ya gwada tsabtace ruwan sha da fitilar ɓoyayyen haske.

Hasken nan kashi uku ne, ana kiran su A da B da C. Na A da wani abu na B suna isowa ƙasa, su ne ke aiki a kan shanyarmu, a hankali, cikin sa'o'i. Na C shi ne mai dafi: yana ratsa ƙwayar cuta ya lalata rubutun halittarta, wato umurnin da take bi ta hayayyafa, cikin ɗan lokaci kaɗan. Shi kuwa Allah ya tare mana shi can sama da shimfiɗar iskar ozon, ba ya isowa gare mu ko kaɗan. Wanda ke son sa dole ya ƙera shi da fitila mai tururin zaiba a ciki, wadda ke fitar da haske mai tsawon zango na nanomita 254. A riƙe wannan, domin duk abin da ke lalata ƙwayar cuta haka da sauri ba zai bar ƙwayar idon mutum da fatarsa lafiya ba.

To, me ya sa aka ɗauki kusan shekara sittin daga kwalaben Downes kafin a rataya fitilar a aji? Saboda manyan likitocin lokacin ba su yarda cuta tana yawo a iska ba. Kakanninsu sun daɗe suna cewa warin fadama da ruɓaɓɓen abu ne ke kawo annoba, su kuma da suka gano ƙwayoyin cuta sai suka yi watsi da duk wata magana mai kama da wannan, suna ganin camfi ce. A 1910 wani babban jami'in lafiya na Amurka, Charles Chapin, ya wallafa littafin da ya zama abin dogaro na shekaru masu yawa, inda ya nuna cewa taɓa juna da feshin yawu na kurkusa su ne hanyar yaɗuwar cuta, iska ba ta da wani babban hannu a ciki. Abin ya kan ba ni dariya idan na tuna cewa mu ma kalmar iska fuska biyu gare ta. Idan tsohuwa ta ce iska ta taɓa yaro, ɗan boko ya kan yi murmushi, yana tsammanin ya san wadda take nufi.

Mutumin da ya ja da wannan ra'ayi ba likita ba ne. William Wells injiniyan tsabta ne, da ruwa ya fara aikinsa, matarsa Mildred ce likita, kuma tare suka yi yawancin binciken. Tunanin mai aikin ruwa ya kawo cikin maganar: idan gari ya yarda cewa rijiyar da kowa ke sha dole a tsare ta, me ya sa iskar ɗakin da kowa ke shaƙa za a bar ta haka nan? A 1934, yana jami'ar Harvard, ya bayyana abin da ke faruwa idan mutum ya yi tari ko atishawa. Manyan ɗigon yawu suna faɗuwa ƙasa nan kusa da shi. Ƙananan kuwa kafin su kai ƙasa ruwansu ya bushe, sai su zama wani ɗan ƙwanƙwani marar nauyi, ɗauke da ƙwayar cuta, yana shawagi. Wanda ya taɓa kunna turaren wuta a kusurwar ɗaki ya rufe ƙofa ya san sauran bayanin: ba sai ka zauna kusa da kasko ba kafin ƙanshi ya same ka. A 1935 da 1936 Wells da abokan aikinsa suka nuna a ɗakin gwaji cewa ɓoyayyen haske yana kashe ƙwayoyin da ke shawagi haka, har da bairos ɗin mura.

Dabarar da ya kai makarantu mai sauƙi ce. Ba a haska yara. Ana kafa fitilar sama da kawunan mutane, a yi mata mayafi ta ƙasa, haskenta ya shimfiɗu a saman ɗaki kaɗai. Numfashin mutum da zafin jikinsa suna ɗaga iska sama, ta ratsa ta cikin hasken, ta sauko an kashe abin da ke cikinta. Ɗakin ya koma hawa biyu: ƙasa ana karatu, sama ana wanke iska. Sakamakon da na buɗe wannan rubutu da shi a 1942 aka wallafa shi.

Daga nan ne labarin ya gangara, kuma a nan nake so mai karatu ya tsaya sosai. Hukumar lafiya ta jihar Niyok ta ce bari ta gwada da kanta, daga 1945, a manyan makarantun karkara uku: Cato-Meridian aka sa fitila a dukan azuzuwa, Port Byron a wasu, ta garin Mexico ba a sa ko ɗaya ba. Ƙyanda ta zo ta wuce, aka ƙirga, sai aka ga yawan waɗanda suka kamu bai bambanta wani abin kirki ba, sai dai yadda cutar ta bi ta cikin azuzuwan ne ya ɗan sauya. A Ingila ma aka gwada a makarantun Southall da ke gefen Landan, rahoton 1954 bai faranta wa kowa rai ba. Aka ce fitilar Wells ba ta aiki. Alhali yaran karkarar Niyok, kusan dukansu, motocin bos ke kwaso su daga ƙauyuka safe da yamma, a cushe, tagogi a rufe saboda sanyi. Yaran Southall kuma suna tashi daga lakwal su koma unguwanni masu cunkoso. An tsabtace randar aji, yaro ya je ya sha a tafki a kan hanya. Yaran Wells ƴaƴan masu hali ne waɗanda aji ne babbar mahaɗarsu, shi ya sa tsare iskar aji ya tsare su. Fitilar ba ta kare mutum, ɗaki take karewa, shi ma muddin tana kunne.

Wanda ya ɗauki tutar bayan haka ɗalibin Wells ne, Richard Riley, kuma gwajinsa yana cikin waɗanda nake jin daɗin ba manyan ɗalibai labarinsu, domin ko yaron aji shida zai gane shi. A asibitin tsofaffin sojoji na Baltimo, a tsakiyar shekarun 1950, akwai ɗakuna shida na masu tarin fuka. Aka ja bututu daga ɗakunan zuwa saman gini, inda aka ajiye ɓerayen Masar kimanin 150 cikin keji. Ɓerayen ba su taɓa ganin majinyatan ba, ba su taɓa kwanonsu ko tufarsu ba, iskarsu kaɗai suke shaƙa. Cikin shekara biyu 71 suka kamu. Masu gardama suka ce wataƙila ta wata hanya cutar ta iso musu. Sai aka sake gwajin, aka raba iskar gida biyu, rabi ta bi ta cikin ɓoyayyen haske, rabi ta wuce haka nan. A ɓangaren da ba a haska ba ɓeraye 63 suka kamu, a ɓangaren da aka haska ko ɗaya. Wata mata mai suna Cretyl Mills ce ta yi ta ɗawainiyar ɓerayen da rubuta lissafinsu duk tsawon shekarun nan. An wallafa wannan a 1962, Wells ya rasu a 1963. Kusan a lokaci guda, a annobar murar 1957 zuwa 1958, a wani asibiti da ke Livermore ta jihar Kalifoniya, majinyatan ginin da ke da fitilun kashi 2 cikin ɗari suka kamu, na ginin da babu kashi 19.

Hujja ta tabbata daidai lokacin da aka daina bukatarta, ko kuma aka ɗauka an daina. Magungunan tarin fuka sun samu tun daga sitireftomaisin a tsakiyar shekarun 1940, allurar ƙyanda ta fito, aka kwance fitilu aka jefa a sito. Mu ma guguwar nan ta iso mu: dattawanmu suna tuna masu lamba da suka zagaya ƙauyuka daga 1967 da wata bindigar allura da ake takawa da ƙafa, a yaƙin da aka yi da agana da ƙyanda a ƙasashen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Agana ta tafi ke nan. Ƙyanda kuwa ta ƙi tafiya, ko a can. A 1974, a wata firamare ta jihar Niyok inda kusan dukan yara sun yi rigakafi, yarinya ɗaya ƴar aji biyu ta shafa wa yara 28 a azuzuwa 14, domin na'urar ginin tana juya iska ɗaya daga aji zuwa aji.

Tarin fuka ne ya dawo da fitilar. Daga 1985 ya sake ɗagowa a Amurka tare da cutar sida, ga kuma nau'in da ba ya jin magani. A birnin Lima na ƙasar Peru, Roderick Escombe da abokan aikinsa suka maimaita gwajin ɓerayen Masar a asibitin Dos de Mayo, wannan karon da fitilar saman ɗaki irin ta Wells da fanka mai motsa iska. Sakamakon 2009: kashi 35 cikin ɗari na ɓerayen suka kamu a ranakun da fitila ke kashe, kashi 9.5 a ranakun da take kunne. A Afirka ta Kudu ma aka samu ragi na kusan kashi 80 cikin ɗari, kuma a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa fitilar cikin shawarwarinta na hana yaɗuwar tarin fuka a asibitoci. Duk da haka da korona ta zo sai aka koma gidan jiya. Mun rufe makarantu a Nijar ranar 20 ga Maris 2020, muka koma ranar 1 ga Yuni da bokitin wanke hannu a ƙofar kowane aji, ban ji wanda ya yi mana maganar taga ba. Sai da masana 239 suka sa hannu a wata buɗaɗɗiyar wasiƙa a watan Yulin 2020, sannan a 2021 hukumar ta fito fili ta ce cutar tana yawo a iska. Yanzu kuma ana gwajin wata sabuwar fitila mai nanomita 222, wadda David Brenner na jami'ar Columbia ya yi fice a kanta, ana ganin haskenta ba ya ratsa matacciyar fatar waje da hawayen ido, don haka za a iya haska ɗakin gaba ɗaya da mutane a ciki. Tana da tsada, kuma ba a gama binciken tasirinta na shekaru masu yawa ba.

Mu dawo gida. Da za a ba ni fitilun nan kyauta a ce in kafa a kowane aji daga Korgom zuwa Tasawa da Mayahi, shin ƙyanda za ta ragu? A ganina kaɗan ƙwarai, kuma dalilin shi ne na motocin bos na Niyok. A Turai da Amurka ta da, ƙyanda cutar ƴan makaranta ce, tana tashi da buɗe lakwal ta kwanta da hutu. A Nijar ba haka take ba. Masu binciken da suka bi lissafin annobar Yamai ta 2003 zuwa 2004, wadda ta kama mutum fiye da 10,000, sun tarar yawanci yaro yana kamuwa ne a wajen shekara biyu da haihuwa, tun bai san hanyar makaranta ba. A 2011 kuma mujallar Science ta buga wani aiki da Nita Bharti ta jagoranta, tare da ma'aikatar lafiya ta Nijar, wanda ya ba ni mamaki. Sun duba hotunan dare da tauraron ɗan adam ke ɗauka na Yamai da Maraɗi da Damagaram, suka ga hasken wuta da fitilu yana ƙaruwa bayan kaka, ya ragu da faɗuwar damina, kuma ƙyanda tana bin sawun hasken nan sau da ƙafa. Ma'ana, ci-rani ne. Mutanenmu na gama girbin hatsi su ɗure birni, a cunkushe a ɗakunan haya da zauruka, cutar ta samu itace. Ruwa ya sauka a watse zuwa gona, ta lafa. Ga shi kuma ƙwayar ƙyanda ta fi daɗewa a busasshiyar iska, tana iya zama a ɗaki har awa biyu bayan mai ita ya fita, kuma cikin mutum goma marasa rigakafi da suka shaƙi iskar, tara za su kamu.

Don haka ɗakin da ya fi bukatar kulawa a wurinmu shi ne ɗakin kwana na lokacin ɗari, inda uwa da goyonta da yara biyar ko shida ke kwana, an toshe ɗan hujin taga da tsumma, an saki labule, wani lokaci ga kaskon wuta. A nan nake roƙon iyaye mata su saurare ni. Al'adarmu ce idan yaro ya yi baƙon dauro a ɓoye shi a ƙurya kada iska ta taɓa shi, ƙannensa kuma suna kwana gefensa. Wani mai bincike ɗan Danmak, Peter Aaby, wanda ya fara aiki a Gine Bisau tun 1978, ya gano cewa yaron da ya ɗauko ƙyanda a waje ya fi samun sauƙinta, wanda ya ɗauka a cikin gida daga ɗan'uwansa kuwa ya fi shiga haɗarin mutuwa, domin ya kwana yana shaƙar ƙwayar da yawa. Ba kamuwa kaɗai ba, har yawan abin da aka shaƙa yana da hukunci. Raba makwanci da barin iska ta ratsa ɗaki ba su cin ko dala. Allurar kuwa, ta farko a wata tara, ta biyu bayan yaro ya shiga shekararsa ta biyu, kyauta ake yin ta a likita, kuma babu fitilar da ta kama ƙafarta. Haka ma sanƙarau, wanda a 1996 ya kama mutum wajen 250,000 ya kashe wajen 25,000 a yankin nan namu, kuma ya sa aka rufe makarantun Yamai a watan Afrilun 2015: abin da ya karya lagon nau'insa na A allurar MenAfriVac ce da aka fara a 2010.

Ko da mun so fitilar a aji, sharuɗɗanta ba ƙanana ba ne. Tana son wutar da ba ta yankewa, mu kuwa kuran ɗin jihar Maraɗi layin Katsina zuwa Gazawa ke kawo galibinsa, kuma mun ga yadda aka zauna da aka yanke shi a watan Agustan 2023, balle makarantun ƙauye da ba su taɓa ganin waya ba. Tana son rufi mai tsawon aƙalla mita biyu da rabi. Tana son a riƙa goge ta, domin ƙura na rufe ƙarfinta, kuma kowa ya san abin da hunturu ke yi wa allo da teburi cikin dare ɗaya. Ƙwanta yana raunana bayan kimanin shekara guda na aiki alhali yana nan yana ba da shuɗin haskensa, sai da na'urar awo ake gane ya mutu. Idan kuma aka kafa ta a karkace, haske ya sauko, bayan ƴan sa'o'i idanun yara za su yi ja suna zafi kamar an watsa musu yashi, fata ta ƙone. Saboda haka duk wanda ya kawo muku wata ƴar fitila ta hannu ya ce a haska jikin yaro ko a kunna a ɗakin kwana, ku sallame shi. Inda nake ganin ta dace a ƙasarmu shi ne ɗakin masu tarin fuka da zauren jira na manyan asibitoci irin na Maraɗi da Tasawa, inda mai tari da mai ciki da jariri ke zama benci ɗaya, kuma akwai ma'aikacin da za a ɗora wa alhakinta.

Akwai wani aikin Escombe ɗin nan na Lima da ya riga na fitila, a 2007, kuma shi ne ya fi kusa da aljihunmu. Ya auna sau nawa iskar ɗaki ke sabuntuwa cikin awa ɗaya a asibitoci takwas. Ɗakunan zamani masu na'urar zuƙe iska an tsara su a kan sau 12. Ɗakunan da aka buɗe wa ƙofa da tagogi kawai suka ba da sau 28 a matsakaici. Tsofaffin gine-ginen da aka yi kafin 1950, masu dogon rufi da manyan tagogi, suka kai sau 40, sababbin da aka gina daga baya kuwa sau 17. Maginan da ba su da magani sun dogara da taga, jikokinsu da suka samu magani suka rage mata girma.

Wannan ne ya sa hankalina ke kan gine-ginenmu. Ajin zana, da dukan aibinsa, ba ya riƙe numfashi, iska na shiga ta ko'ina, kamar yadda makarantar allo ta gindin bishiya ba ta riƙewa, sai dai zauren da almajiran ke kwana. Amma ba mai hankalin da zai kare ajin zana bayan ranar 13 ga Afrilun 2021, da wuta ta cinye yara kimanin 20 a unguwar Pays-Bas ta Yamai, da ranar 8 ga Nuwamban shekarar, da ta cinye aƙalla 25 a cikin garin Maraɗi, ƴan shekara biyar da shida. Allah ya jiƙan su, ya ba iyayensu haƙuri. Gwamnati ta hana sa ƴan rainon yara a irin waɗannan azuzuwa, ta kuma ce akwai wajen 36,000 a faɗin ƙasa da ke jiran a maye su. Duk ajin da aka gina yau, jikokinmu za su zauna a cikinsa. Ajin da nake koyarwa mita tara ne a mita bakwai, tsawon rufinsa mita uku, yara saba'in. Ku buga lissafin: mita 189 na iska, kowane yaro bai kai uku ba, kuma muna karanta darasi da ƙarfi baki ɗaya, wanda ke fitar da feshi fiye da zama shiru. Idan tagogin ƙarfen nan suna rufe, wanda ya shigo daga waje da ƙarfe sha ɗaya hancinsa zai gaya masa.

Na san amsar da abokan aikina za su ba ni, domin ni ma a cikin hunturun nake koyarwa: yaro ya zo da riga ɗaya yana rawar ɗari, ƙura na shiga ido da maƙogwaro, ita kanta ƙurar tana da hannu a sanƙarau. Gaskiya ne. Amma iskar hunturu daga arewa maso gabas take bugowa, ba daga ko'ina ba. Ana iya rufe ɓangaren da take bugowa a bar na kudu da ƙofa a buɗe. Da hutun ƙarfe goma a fitar da kowa, har masu son fakewa a ciki, a wangale komai na minti goma sha biyar. Bulo mai huji da ake jerawa can sama ƙarƙashin tol, wanda a makarantu da yawa na tarar an cusa masa takardar buhun suminti, a nan ne iskar da ta ɗumama ke taruwa, daidai wurin da Wells ya rataya fitilarsa, kuma a nan take neman mafita. Yaron da ya zo da zazzaɓi da jan ido da tari a lokacin ƙyanda a mayar da shi gida a sanar da likita, kada a jira ƙuraje su fito, domin kwana huɗu kafin fitowarsu ya riga ya fara rabawa.

Idan kuma aka zo gina sabon aji a garinku, kwamitin kula da makaranta, wato Kojes, yana da bakin magana tun kafin a zuba tushe. Ku nemi ganin zanen. Ku duba ko tagogi suna fuskantar juna a bango biyu ko a bango ɗaya aka jera su, ko suna buɗuwa gaba ɗaya, mita nawa ne daga daɓe zuwa rufi, kuma ko akwai hujin sama a ɓangarorin biyu. Ɗan kwangila idan kuɗi suka matse shi, layin bulo biyu na sama da taga ɗaya su ne abin da ya kan fara cirewa, kuma in an riga an ɗora tol, ba mai sake sauke shi.